Keken da Aka Cire wa Feda

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 7 na yamma

Oga ya kira ni ofis yau, ya ce in turo ƙofa. Shekara goma sha tara ina ungozoma a ƙaramin asibitin nan, ba a taɓa ce mini in turo ƙofa ba. Wai wani ya rubuta takarda zuwa babban ofis a kan abin da ya faru ranar Alhamis ɗin nan ta watan jiya, takarda ba suna ba sa hannu. Kwamiti zai zo ran 27 ga wata. In ban nuna musu zan iya kaiwa ƙauyen bayan dutse cikin awa ɗaya da rabi ba, za a soke zagayen da nake yi can duk mako, a ajiye ni a teburin yankan kati. Matan can kuma duk mai naƙuda ta san yadda za ta yi ta sauko.

Na ce, "Ranka ya daɗe, fiffike zan yi? Mota ba ta wuce rafi, babur ba ya hawa gadar katako. Awa uku ce a ƙafa, ka sani, na sani."

Ya ce, "Sista, keke fa? Irin na hawan dutse. Shi ana iya ɗaga shi a tsallake da shi."

Wa ya faɗa masa ana iya ɗaga shi? Mutumin da ko bakin rafin bai taɓa leƙawa ba. Shekarata arba'in da tara, ban taɓa ɗora ƙafa a kan feda ba.

Da na fito na tarar da Ƙaramar Sista a bakin ƙofar tana goge sikelin jarirai, sikelin da ni da kaina na goge da safe. In aka mai da ni teburin kati, ɗakin haihuwa nata ne.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 6 na safe

Ba zan zauna a teburin kati ba. Na rubuta ne don in gani da idona.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 8 na yamma

Mun je babban kanti ni da Maigida. Tunda ya yi shekara talatin yana tuƙin babbar mota, a ganinsa duk abin da ke da taya ɗan gidansu ne.

Mai sayarwa ya turo mana wani ja mai ƙyalli, sifirin mai rage gargada gaba da baya, giya har ba a iya ƙirgawa. Maigida ya shafa shi, ya buga ƙararrawa sau uku, na ga alamar ya manta don wa aka zo. Na tsaya kusa da shi, sirdin ya zo mini kusan haƙarƙari.

Na ce, "Wannan bai yi mini tsawo ba?"

Mai sayarwa ya ce, "Haba Mama, ai kamar don ke aka ƙera shi."

Na nuna wani baƙi a gefe, ya ce shi ma kamar don ni aka ƙera shi. Na nuna na yara mai hoton kyanwa, ya buɗe baki, sai ya lura ya rufe.

Na gwada ɗaga jan. Nauyin tukunyar gas cike. Da wannan zan hau gadar katako, ga akwatin aiki a baya? Maigida ya ce nauyi alamar ƙarko ce. Na ce to shi zai riƙa bi na yana ɗauka. Mun fito hannu rabbana, sai da muka zo shataletale sannan ya ce akwai wani mai gyaran keke a bayan tasha da ke kawo na hannu masu faɗin taya.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Alhamis. Na kifa wayar a cikin aljihun tebur har aka tashi.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Rumfar kwano ce a bayan tasha, tayoyi a rataye, da kwanon ruwa baƙi ƙirin da yake tsoma tif ɗin taya ya nemo huji. Mai Keken wani siriri ne mai furfura, ba ya kallon fuskar mutum, ƙafafu yake kallo. Kafin in gama sallama ya ce, "Sista, kin iso."

Ba na sanye da kayan aiki. Ban faɗi sunana ba. Na kalli Maigida, ya girgiza kai, shi ma bai taɓa magana da shi ba.

Bai tambaye ni launin da nake so ba. Ya jawo kekuna huɗu ya jera, ya ce in ratsa kowanne in tsaya, ƙafa biyu a ƙasa. "Ki sa yatsu huɗu tsakanin ƙarfen sama da jikinki. Ni zan juya baya. In ba su shiga ba, ba naki ba ne, ko kyauta aka ba ki." Biyu suka faɗi a nan. Ya ce in buɗe tafin hannu, ya auna da igiya daga babban yatsa zuwa manuni, wai ya ga ko zan kai ga birki ba tare da na saki kan keken ba. Sannan ya ce in saɓa kowanne a kafaɗa in je wurin falwaya in dawo. Direbobin tasha suka samu abin kallo. Wani ya ɗaga murya, "Mama, hawa ake yi, ba goyo ba!"

Na dawo ina haki, na ce, "Malam, wasa kake yi da ni?"

Ya ce, "Katako na bakwai a gadar ya fita. Sai kin yi dogon taki da shi a kafaɗa. In ya fi ƙarfinki a nan, can rafi zai ja ki."

Ni ban ce masa gada ba, ban ce masa rafi ba. Kuma gaskiya ne, na bakwai ne, na sha ƙirgawa.

Na ce to wanne zan ɗauka? Ya ce babu ko ɗaya, in dawo Laraba. Ɗan kasuwar da ke korar ciniki, ni dai ban taɓa gani ba.

Ban yarda da shi ba.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Maigida ya ce, "Ke yanzu ko kazar maƙwabta ce ta kalle ki, cewa za ki yi ita ta rubuta takarda." Na ce kazar ba ta san katako na bakwai ba. Ya ci gaba da cin abincinsa.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 7 na yamma

Na roƙi Oga ya nuna mini takardar. Ya ce ba huruminsa ba ne. Ya fara kiran sunan Allah yana ba ni haƙuri, irin haƙurin da ake ba wanda an riga an gama da shi.

Ƙaramar Sista ta kawo mini shayi ba tare da na aike ta ba. "Anti, kin rame fa." Na ce na gode, na bar shi ya huce a kan taga. Shekara biyu muna tare, yau ta san ina shan shayi.

Mako biyar ke nan ban hau dutsen ba, tun ranar Alhamis ɗin nan, yanzu kuma an ce in dakata sai kwamiti ya zo. Akwai jaririyar da lokacin allurarta ya wuce.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Ya shiga can ƙuryar rumfa ya yaye wata tamfol. Keke ne ruwan toka, duk karce-karce, ba ƙyalli ba ado. Gajere, taya mai faɗi da haƙora, sifirin a gaba kawai. Ya ce na baya nauyin banza ne ga mai koyo. Yatsu huɗu suka shiga har da sarari. Na ɗaga shi da hannu ɗaya, sai da na ji haushin yadda ya yi mini daidai.

A bayansa an yi waldar kariya, wurin ɗora kaya, mai baki huɗu. Na taho da akwatin aikina don in gwada, na ɗora, ya zauna ɗas, ko motsi babu. Na ce, "Ta yaya ka san girman akwatina?" Ya sunkuya yana matsa taya kamar ba da shi nake ba.

Sai na lura ba feda. Ƙarafunan suna nan tsirara, fedojin kuma ga su can ya rataye a ƙusa.

Ya ce, "Mako ɗaya za ki yi ba su. Na sauke sirdi ƙasa. Ki zauna, ki riƙa tunkuɗawa da ƙafa. Ranar da kika ɗage ƙafa biyu kika ƙirga ashirin ba ki taɓa ƙasa ba, ki zo in mayar."

Na ce, "Malam, kwana goma sha biyar ya rage mini. Ka cinye bakwai, me ya saura?"

"Wanda bai iya tsayuwa a kai ba, feda kayar da shi take yi. Haka nake koya wa kowa."

"Na saya ko ban saya ba? Ba ni kayana."

"Keke naki ne. Feda tawa ce sai Laraba."

Na turo abina har gida ina huci. Duk hanya lissafi ɗaya nake yi: in kana so ka yi wa mutum zagon ƙasa ba tare da an gane ba, ai cinye masa kwanaki za ka yi. Ƙaramar Sista ta tasha take bi in za ta gida. Bakinsu ɗaya, ko kaffara ba zan yi ba.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 11 da minti 10 na safe

Na duba agogo daidai wannan lokacin. Ban so na duba ba.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Filin ƙwallon bayan gida, tun gari bai gama wayewa ba don kada a gan ni. An gan ni. Matar mai wanki ta tsaya da bokiti a ka tana dariya har ruwan ya zube mata. Tafiyar agwagwa nake yi a kan ƙarfe, mace da jikoki biyu. Zani ya shiga sarƙa ya yage, yanzu tsohon wandon Maigida nake sawa a ciki.

Na ƙirga huɗu. Sau ɗaya shida, amma ina jin na yi sauri a ƙirgar.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 7 na yamma

Da hannun hagu nake riƙe littafin, na dama ya kumbura.

Ni na matsa wa Maigida ya je babban kanti ya sayo feda ranar Asabar. Ta dama ta shiga lafiya. Ta hagu ta ƙi, ya ce ai gardama ce irin ta sabon ƙarfe, ya sa sifana ya danna da ƙarfin direba. Na hau, na taka sau uku, keken ya ɗauke ni da gudun da ban nema ba, na ga katanga tana tahowa, na damƙe birkin da hannuna ya fara samu. Na gaba ne. Ban san lokacin da na bi ta saman kan keken ba. Gwiwa ta saɓule, wuyan hannu ya bugu. Na ɗaure ciwon da kaina.

Yau muka mai da shi. Mai Keke ya kalli fedar hagu, ya kalli Maigida. "Wa ya ɗaura wannan? Ta hagu baya ake murɗa ta! Saura kaɗan ka cinye zaren."

Sannan ya ga bandejin. Mutumin da ba ya ɗaga murya sai ga shi yana faɗa har direbobi na waiwaye. "In kika karye fa? In kika karye wa zai hau? Kin san mata nawa ke da ciki a can yanzu?"

Na ce, "Na sani. Kai ina ruwanka?"

Ya cire fedojin, ya jefa su cikin gwangwani. Mai son in faɗi bai kamata ya damu haka don na ji ciwo ba. Sai dai ko ya iya wasan kwaikwayo.

Ban yarda da shi ba. Amma na daina taɓa feda.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Na tambayi maigadin asibiti ko wani siriri mai furfura ya taɓa zuwa. Ya ce ƙwarai, ya zo da igiya ya roƙa a bar shi ya auna akwatina, ina ɗakin haihuwa a lokacin. Na ce kuma ka bar shi? Ya ce, "To Sista, igiya ce fa, ba wuƙa ba."

Na ce yaushe ne, bayan ranar Alhamis ɗin nan?

Ya ce a'a, da daɗewa, tun kafin ruwan farko ya sauka.

Wannan ya ɓata mini lissafi. Wata huɗu kafin a yi takarda, kafin a yi kwamiti, kafin komai, me zai sa mutum ya auna akwatina?

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Ashirin da uku! A gabansa, a bayan tasha, direbobi na tafi. Ya sauko da fedojin daga ƙusa ya ɗaura, ya ɗaga sirdi kaɗan. Na taka, na tafi, kamar dama na iya. Har na ji kunyar daɗin da na ji.

Ya sa na maimaita abu uku har suka zauna: birkin baya kafin na gaba, a sassauta giya tun kafin a kai hawa, in ana gangara a ja jiki baya. Ya ce a kwana ta biyu ta hanyar bayan rafi akwai tsakuwa mai zamewa, in sauka in tura, kada in yi jarumta.

Kwana ta biyu. Da ya faɗa sai da na riƙe ginshiƙin rumfar.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 8 na yamma

Bari in rubuta kaɗan, ko zan samu in ci abinci.

Ranar Alhamis ɗin nan ta watan jiya, an kira ni ƙarfe tara na safe. Ruwa aka kwana ana yi. Mijin wata mai ciki ne daga ƙauyen, ya ce ta haihu amma jini ya ƙi tsayawa. Maganin yana cikin akwatina, allura ɗaya ce. Na ɗauka na fita. Laka ta cinye mini takalmi ɗaya a bakin rafi, na ƙarasa da ɗaya. Na isa sha biyu ta wuce. Matan suna tsaye a waje, ba mai magana. Jaririyar ce kaɗai ke kuka.

Uwar ita ce mai taryata da ruwa a bakin ƙauye duk Alhamis, tana yi mini tsiyar takalmina.

Akwai sauran, yana cikin wayata. Ba yau ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Na yi abin kunya. Na tare Ƙaramar Sista a ɗakin magani na ce ta faɗa mini gaskiya, ita ta rubuta? Ta kalle ni, sai hawaye. Ta jawo rajistar zuwa aiki ta buɗe mini. Duk safiyar da nake filin ƙwallo ina makara, ita ke karɓar matan awona, ta ce wa Oga ina sito ina ƙirga kaya.

"Anti, ni tsoron ɗakin haihuwa nake ji in ba kya nan. Wallahi kullum addu'a nake kada a cire ki."

Na ba ta haƙuri, da kyar ya fito. Na sha shayin da ta kawo da zafinsa, har ya ƙona mini harshe.

To in ba ita ba ce, wa?

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 3 na rana

Oga ya fita amsa waya ya bar fayil a buɗe. Ban taɓa ba, leƙawa kawai na yi. Takardar littafin makaranta ce da aka yago, rubutu manya-manya a karkace. Na ga "awa uku ta yi yawa", na ga "keke mara nauyi da za a iya ɗagawa a gada". A gefen ƙasa akwai shatin babban yatsa, baƙin man sarƙa.

Irin shatin yana jikin sirdina, yana jikin akwatina.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe 7 na yamma

Na je ban ko yi sallama ba. Na ce, "Kai ka rubuta."

Ya ajiye tif ɗin da ke hannunsa cikin ruwa. "Ni ne."

Na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce saboda shi ake shirin ajiye ni a teburin kati kamar tsohuwar kujera, saboda shi na zargi yarinyar da ba ta ji ba ba ta gani ba. Na ce in ciniki yake nema ai da ya faɗa, ba sai ya shafa mini kashin kaji ba. Ya bar ni har na gaji.

Ya ce, "Matar da ta rasu ranar Alhamis ɗin nan ƙanwata ce. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Na nemi wuri na zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Tun bara take damuna. 'Yaya, ka haɗa wa Sistarmu keke, ƙafafunta sun gaji.' Na ce to. Na auno akwatinki, na samu ƙarfen, na yi waldar kariya. Sai na tsaya neman tayar da ta dace, na ce ba zan ba ki abin da zai kunyata ni ba. Yau, gobe, yau, gobe. Tayar ta iso ranar Asabar, kwana biyu bayan an binne ta."

Na ce, "To me ya hana ka kawo mini? Me ya kai ka ofis?"

"Da wane ido zan kalle ki? Na ɗauka in na rubuta, ofis za su saya miki, ko ba a wurina ba. Ban sa suna ba don kada a ce mai keke kasuwa yake nema da gawar ƙanwarsa. Ban san kanki abin zai faɗo ba. Ko kalma ɗaya ban rubuta a kanki ba, Sista, sai cewa kin zo da takalmi ɗaya."

Har yanzu ina jin haushinsa. Ya jawo mini abin da ban nema ba, kuma ya bar ni mako uku ina cin kaina. Amma na ga yadda yake kallon tamfol ɗin nan, na san irin kallon, ni ma haka nake kallon wayata.

Na miƙe na ce ya duba mini birkin baya, yana ƙara.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Maigida ya buga wa tayoyin iska, ya matsa da yatsa yadda Mai Keke ya nuna masa, bai ƙara ko bugu ɗaya na son ransa ba.

Alhamis, ƙarfe 6 na yamma

Mutum uku suka zo. Ɗaya ya riga ya tafi a ƙafa tun da sassafe don ya jira ni a ƙauyen da agogo. Oga ya ce in tashi ƙarfe tara daidai. Ban san ko da gangan ya zaɓi lokacin ba, yau dai ba ni da ƙarfin zargi.

Mai Keke ya biyo ni a nasa, nesa kaɗan. A bakin rafi na sauka, na rataya akwati, na saɓa keken. Ɗaya, biyu, har shida, dogon taki, takwas. Da na waiwaya yana tsaye a wancan gefen riƙe da kekensa. Ya ce tun rasuwar ƙanwarsa bai iya tsallake gadar ba. Na ce, "Ni ba ni da lokacin lallashi, Malam, in za ka zo ka zo." Na wuce.

A kwana ta biyu na sauka na tura, kamar yadda ya ce.

A nan nake ranar da wayar ta sake ƙara. Sha ɗaya da minti goma. Mijin ya kara mata a kunne, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce, "Sista, kin kusa?" Na ce, "Na kusa, ga ni nan bakin gari." Saura tafiyar kusan awa guda. Ta ce, "To, ina jira." Kiran yana nan, ban goge ba.

Na hau na ci gaba. Na faɗi sau ɗaya a yashi, ba wanda ya gani sai awaki. Ɗan kwamitin yana zaune a gindin bishiyar bakin ƙauye yana fifita da fayil. Ya duba agogo, ya sake dubawa, ya ce, "Goma da minti huɗu."

Ya ɗauka kukan murna nake yi, har yana cewa in kwantar da hankali, zagayen nawa ne, ba mai taɓa shi. Na bar shi a haka. Goma da minti huɗu. Da ta samu awa guda da ɗoriya tana da bakin magana, allurar kuma tana hannuna.

Kakar jaririyar ta fito da ita. Na ce, "Inna, ku yi haƙuri, na daɗe." Ta ce, "Kin dai zo." Na yi mata allurar, ta callara ƙara, na rataya ta a sikeli, ta yi nauyi fiye da yadda na zata. Mata bakwai na auna. Ɗaya watanta tara, kan ɗan ya riga ya sauko. Na rubuta wa mijinta lambata a bangon ɗaki da gawayi, na ce in ya kira kada ya tambaye ni ko na kusa, ya duba agogo kawai ya ƙirga awa ɗaya.

Ina ɗaure akwati sai ga Mai Keke yana turo nasa, wandonsa jiƙe har gwiwa, ta cikin ruwa ya bi. Tsohuwar ta miƙa masa jaririyar. Ya goge hannu a riga, ya sake gogewa, man bai fita ba. Ya karɓe ta a haka, shatin yatsansa ya fito a farin zanen.

Ban ce masa na yafe ba, shi ma bai tambaya ba. Na ce gobe zan kawo keken ya sa wa sarƙa mai, matar nan ba za ta kai mako ba.